Baƙo a Garin Ubansa

Da zarar an rufe lakwal, tashoshin mota na Yamai da Maraɗi sai su cika da yara da jakunkuna da buhunan shinkafa na tsaraba. Kowa ka tambaya ya ce maka gida za shi. Ma'aikacin da ya ci rabin rayuwarsa a Yamai, ya gina gidan siminti, ya aurar da 'ya a cikinsa, in ya ce gida ba wannan yake nufi ba. Yana nufin wani gari da ke can bayan kwalta, inda aka binne cibiyarsa, inda har yau tsofaffi ke kiransa da sunan yarinta. Babbar hanya mai lamba 1 ce ke kwasar mafi yawansu: ta shigo jihar Maraɗi ta Gidan Rumji, ta bi Tsibiri, ta ratsa gefen Maraɗi, sannan Cadawa, Agye, Gazawa, ta nufi Tasawa. A kowace mararraba mutane na sauka, 'yan kabu-kabu na jiransu su shiga da su cikin yashi.

Mutumin birni na kiran wannan tafiya hutu. Mutumin ƙauye bai san watan Yuli da wannan suna ba. A wurinsa lokaci ne na noman fari da maimai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar gero ta yi tsada, mata na haɗa tafasa da ƙuli don a cike gurbin tuwo. Hutunsa, in yana da shi, sai bayan kaka, sa'ad da aka ɗaure damma aka kai gida, aka shiga bukukuwa da kokawa, kafin samari su ɗaura kaya su tafi ci-rani. Saboda haka mai zuwa hutun damina yana sauka ne a gidan da kowa ke cikin aiki, ana kuma ƙidaya bakunan da za a ciyar. Ba wanda zai faɗa masa haka. Za a yanka masa kaza, a dama masa fura da nono mai kyau, a shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya, a ce ya sha hanya. Yaran da ya zo da su kuwa a ba su 'yar hauya su bi sahu, su yi kwana biyu hannu ya yi kanta, a yi ta yi musu dariya.

Abin da yake nema a wannan zuwa ya wuce fura. Garin da ya bari yake nema. Yana son ya ga rijiyar nan a inda take, da filin da suka yi langa, da 'yar hanyar da ke bi ta bayan gari zuwa gonar kakansa, da dajin da aka hana su shiga don kura. Sai ya tarar filin langa ya zama unguwa, hanyar an shuke ta, dajin babu ko kututture, gidaje sun kai har bakin maƙabarta. Yana zaune a ƙofar gida, mutane na wucewa suna gaishe shi, cikin goma bai shaida uku ba. A nan ne wata magana ke fita daga bakinsa, wadda na sha ji daga bakin 'yan'uwana ma'aikata da 'yan kasuwa in sun dawo daga hutu: garin nan fa ya cika da baƙi.

Na taɓa zama a wani zaure a ƙasar Agye, wani ɗan boko da ya zo ganin gida ya faɗi haka a gaban ƙanin mahaifinsa. Tsohon yana tufkar igiya, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa, bai ko ɗaga kai ba.

"Wane baƙo ka gani, ɗana?"

"To Baba, ga waɗancan samarin da ke bakin masallaci, ban san ko ɗaya ba."

"Mai jar hula jikan yayarka ne. Na kusa da shi ɗan wanda kuka yi kiwon awaki tare ne. Dogon nan kuwa ni na raɗa masa suna, kuma sunan ubanka aka sa masa. Su ma ɗazu sun tambaye ni ko wane Alhaji ne ya sauka a gidanmu."

Kowa ya yi dariya, har da shi, amma bai ƙara tada maganar ba har ya koma.

Lissafi yana bayan tsohon. Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, mutanenta ba su wuce miliyan 3 da wani abu ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17, yau kuma an haura miliyan 25. Jihar Maraɗi kaɗai ta tashi daga mutum miliyan 2.2 a ƙidayar 2001 zuwa miliyan 3.4 a ta 2012. A wannan ƙidaya gundumar Gidan Rumji na da sama da mutum dubu 500, Agye kusan dubu 246, Gazawa, wadda aka yanke daga Agye a 2011, dubu 160. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kowace mace na haihuwar 'ya'ya 7.6 in aka yi rabo daidai, a jihar Maraɗi ma abin ya haura 8. Na 2021 ya nuna an sauko zuwa 6.2. Jama'ar da ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara takan ninka kanta kafin jaririn bana ya cika shekara 20. Wanda ya bar garinsu yana saurayi ya dawo da furfura, ninki biyu ya wuce shi, kuma mafi yawan waɗanda ya tarar an haife su ne bayan tafiyarsa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ana faɗin haka don tsoratar da mai yawo, amma a nan magana ce ta ƙidaya kawai.

Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya sare da gatarinsa an raba wa 'ya'ya, 'ya'ya sun raba wa jikoki, har ta kai wani magidanci a kudancin Agye ko Gazawa na riƙe da abin da ba zai ciyar da gidansa rabin shekara ba. Saura, wato gonar da ake bari ta huta, ta zama labari. 'Yar gamanar da ake yanka wa mace ko saurayi ita ce ta fara tafiya in gona ta yi kaɗan, shi ya sa za ka ji an ce wance ta daina zuwa gona, a fake da kulle, alhali gonar ce babu. Jingina da sayar da gona, waɗanda da abin kunya ne, sun zama ruwan dare, musamman bayan shekarar yunwa irin 2005. Kuma a ƙasar da aya ke kawo kuɗi, kamar yankin Cadawa da Agye, mai saye ba ya wuya. Wa ke saye? Ba kasafai ake son a faɗa ba, amma sau da yawa ɗan garin ne da ya yi kuɗi a birni, ko abokinsa ɗan kasuwa. Ya zo hutu, wani ɗan'uwa ya same shi da dare da maganar bashi ko ta aurar da 'ya, aka yi ciniki a gaban mai gari. Baɗi in ya dawo, shi ne zai ce gari ya matse.

Ba dukan canjin ne na lalacewa ba, ko da yake idon mai hutu ya fi saurin ganin abin da ya ɓace. Wanda ya san gonakin Agye a shekarun 1980, lokacin da iska ke binne shuka sau biyu sau uku, ya san yau sun fi itace. Manoma sun koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a cikin gona suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, kuma garin Ɗan Saga ya yi suna a kan haka har ana zuwa daga wasu ƙasashe ana gani. Yawan hannu ne ya yi wannan aiki, kuma matsin da yawan ya kawo ne ya tilasta shi.

A gabashin Maraɗi ke nan, inda baƙon da ake gani ɗan gida ne. A yamma, a ƙasar Gidan Rumji, maganar ta sha bamban, don can baƙi sun zo da gaske.

Daga watannin farko na 2019 mutane suka fara tsallako iyaka daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun 'yan bindiga masu kore shanu, masu satar mutane don kuɗin fansa, masu ƙona rumbuna. Yawancinsu mata ne da yara, da ƙafa, wasu ba ko takalmi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce a watan Mayu na shekarar sun kai dubu 20, zuwa Satumba sun haura dubu 40, a farkon 2021 kuma ta ƙidaya dubu 77 a jihar Maraɗi. Kafin wata mota mai tuta ta iso, ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji da Madarumfa ne suka karɓe su. Magidanci ya kwashe iyalinsa ya haɗa a ɗaki ɗaya ya bar wa baƙi ɗayan. Aka buɗe rumbun da aka yi niyyar ya kai damina. Aka tsaya layi ɗaya a rijiya ɗaya. Daga baya ne aka kwashe wasu zuwa nesa da iyaka, aka zaunar da su a gefen garuruwan Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Hukumomi suka ƙi kiran wuraren sansani, suka yi musu tsari na zama tare da 'yan gari, famfo ɗaya, likita ɗaya, lakwal ɗaya.

A ɗora wannan adadi a kan na baya. Tsakanin ƙidayar 2001 da ta 2012 jihar Maraɗi na ƙaruwa da mutum sama da dubu 100 kowace shekara. Ke nan dukan waɗanda suka gudo a cikin shekara biyu ba su kai abin da jihar ke ƙara wa kanta a shekara ɗaya ba. Duk wanda ya ce su ne suka cika ƙasa bai yi lissafi ba. Sai dai lissafin jiha ba ya ɗebe wa ƙauye ɗaya nauyi. Haihuwa na zuwa ɗaya bayan ɗaya, da goron suna, a cikin kowane gida. Su kuwa waɗannan sun sauka ne a dare ɗaya, a kan 'yan garuruwa ƙalilan, wani garin ma baƙin sun fi masu masaukin yawa. Matar da a da take cika tulunta kafin hantsi ta koma kaiwa azahar a bakin rijiya tana da gaskiya in ta yi ƙorafi, kuma gaskiyarta ta fi ta mai zuwa hutu da ruwan leda a bayan mota.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sunan da ake kiransu. A rediyo da takardu 'yan gudun hijira ne, suna mai nauyi, wanda ke tuna wa Musulmi Makka da Madina da mutanen da suka raba gidajensu da gonakin dabino da waɗanda suka zo musu. A bakin ƙungiyoyin agaji, masu cin gajiya ne, kowa da katinsa da lambarsa. A bakin ɗan birni 'yan Nijeriya ne. A ƙauyen da suka sauka kuwa, abin da za ka fi ji shi ne mutanen gari kaza, ko dangin wance, ko kawai waɗanda suka gudo. Wata tsohuwa da na tambaya ko baƙinta nawa, ta dube ni ta ce, "Yaro, ɗiyar ƙanena ce da 'ya'yanta. Can aka kai ta aure." Tana da tsagar Gobirawa a kumatu, matar da ke daka a bayanta ma haka.

Tarihin wannan ƙasa bai bar wa kowa bakin cewa shi bai taɓa gudu ba. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, suna tsere wa Sarkin Gobir Yunfa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, gudu ya koma kan Gobirawa. Suka yi ta gaba da baya har bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sannan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a bakin gulbi, kusa da Katsinawan da su ma gudu ya kawo su Maraɗi bayan an ci birninsu. Daga wannan Tsibirin ne, bayan saɓani a gidan sarauta, Ɗan Halima ya fita da mutanensa ya kafa Sabon Birni. Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka yi yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, suka kafa turaku, Sabon Birni ta faɗa Nijeriya, Tsibiri ta faɗa Nijar. Yau Tsibiri na cikin gundumar Gidan Rumji, kuma da yawa daga cikin masu gudowa daga ƙasar Sabon Birni da Isa suke. Wasunsu jikokin waɗanda suka bar nan ne, sun biyo sawun kakanni a juye. Gulbin Maraɗi ma haka yake yi: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta Madarumfa, ya shayar da fadamun Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya koma Nijeriya ya zuba a Rima.

Sunayen garuruwa kaɗai sun isa shaida. Gidan wane, Garin wane, Zangon wane, Rugar wane, Sabon Gari, Tunga. Kowane ɗaya sunan mutumin da ya zo ne daga wani wuri, ya nemi izini ko bai nema ba, ya sare daji, ya gina rijiya. Da yawa daga ƙauyukan da ke nesa da gulbi ba su daɗe ba. An kafa su ne bayan yaƙe-yaƙe sun lafa a farkon ƙarni na 20, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa da shinge suka bazu neman gona. Wanda ke bugun ƙirji da cewa shi ɗan asalin gari ne, in ya ƙirga kakanni huɗu zai iske mai ɗauke da gatari da ƙunshin iri.

Amma kada a yi wa Bahaushe kirarin da bai kai ba. Karamcinsa ga baƙo na gaske ne, sai dai yana da wa'adi. An ce baƙonka Annabinka, an kuma ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa ana sonta don an san da rana ta ɗaga za ta tafi. Kaba kuwa, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tumɓuke ta a gonakin Gulbin Kaba ya san inda saiwarta ta kai. Malamai ma sun karantar da mu cewa haƙƙin liyafa kwana uku ne, abin da ya biyo baya sadaka ce. To wanda ya zo a 2019, ya binne uwarsa a nan, ya aurar da 'ya a nan, yake noma gonar aro, me sunansa? Ya wuce raɓa, ba a kuma yarda ya zama kaba ba. Komawa ba ta hannunsa. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindigar da suka sace shi a ƙasar Sabon Birni. Inda aka yi wa mai rawani haka, talaka bai ga ta komawa shuka ba.

A cikin wannan tsaka-tsaki ne maganganu ke tsami. Ana cewa su ake ba buhu, mu da muka ciyar da su aka manta da mu. Ana cewa sun karya farashin ƙwadago, sun ƙarar da itacen girki. Mafi muni, tun da 'yan bindigar suka fara tsallakowa suna satar mutane da dabbobi a wannan gefen, har wasu ƙauyukan Nijar ma suka watse, ana raɗe-raɗin cewa a cikin baƙin akwai masu kai rahoto. Biyun farko ƙorafi ne da hukuma za ta iya magancewa da adalci wajen rabo, a haɗa mai masauki da baƙonsa. Na ukun kuwa guba ne, don ba ya bukatar hujja, kuma ya fi sauka a kan wanda ba shi da mai tsaya masa. A yau Bafulatanin da aka haifi kakansa a bayan garin shi ke fara shan wannan kallo. Mutanen Maraɗi sun san inda irin wannan magana ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a ƙauyen Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum sama da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani. Waɗanda aka kashe ba daga wata ƙasa suka zo ba. Burtalin da ya matse da gonar da ta matse ne suka mai da maƙwabci baƙo.

Mu kuwa da muke auna baƙuncin wasu, mu ne manyan baƙin Afirka ta Yamma. Babu gida a Gazawa ko Agye ko Gidan Rumji da ba shi da wani a Kano ko Legas, ko Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya. Kuɗin da ke sayen taki da buhun masara a tsakiyar damina daga can yake fitowa. Mun kafa zango a Kumasi da Akara, mun kafa Sabo a Ibadan, muna da sarkin Hausawa a garuruwan da ba a jin Hausa. Idan namu ne ya tafi, ci-rani ya je, neman halaliya, Allah ya ba da sa'a. Mun kuma ɗanɗani abin da ake ji in mai masauki ya juya fuska. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori waɗanda ba su da takardu daga Nijeriya, har da 'yan Nijar masu yawa. A 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, abin ya yi wa mutane ciwo har suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. Har yanzu motoci na sauke 'yan Nijar da aka kwaso daga Aljeriya. Duk wanda aka taɓa kora ya san kalmar da aka fara jifansa da ita kafin a zo da mota: sun yi yawa.

Wannan ciwo na mai hutu ba namu ne mu kaɗai ba. A Faransa, tun da aka ba ma'aikata hutu mai albashi a 1936, zuwa ƙauye ko bakin teku da rani ya zama al'ada, kuma ƙauyen ya zama wurin da ɗan birni ke ajiye hoton ƙasarsa yadda yake son ta kasance. A can ne aka ƙirƙiro zancen nan na cewa wai ana shirin musanya 'yan ƙasa da baƙi, 'yan siyasa suka ɗauka suna cin kasuwa da shi. A Jamus jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ta fi ƙarfi a gabashin ƙasar, inda baƙin suka fi ƙaranci. Bambancinmu da su babba ne: ƙauyukansu tsufa suke suna zama kango, namu cika suke suna tumbatsa. Amma akwai abin da ya haɗa mu. Wanda ya fi nesa da baƙo ya fi tsoronsa, kuma wanda ke zuwa ƙauye don ya huta ya fi mazaunin ƙauyen son kada komai ya motsa.

Akwai tazara mai faɗi tsakanin mun yi yawa da sun yi yawa. Ta biyun tana da sauƙin faɗa, don tana nuna wani da yatsa, kuma maganinta a bayyane yake: su tafi. Ta farkon tana da nauyi a harshen Bahaushe, wanda ya tashi yana jin cewa jama'a rahama ce, haihuwa arziki ce, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ba na cikin masu raina wannan tunani. A ƙasar da ba fansho, ba inshora, inda ƙyanda da zazzaɓi ke ɗauke yara, 'ya'ya su ne rumbun tsufa, kuma wanda ke zaune a ofis mai sanyi yana ƙirga wa matar ƙauye haihuwa bai taɓa kwana da tsoron mutuwa ba mai ɗaukar gawarsa ba. Sai dai ƙin faɗin magana ba ya ƙara wa gona faɗi. Manoman da kansu suna faɗinta ta hanyarsu: gona ta gaji, gado ya zama faɗa, yaro ya gama lakwal babu aiki babu fili. Ana yin wannan hira a zaure, a gidan suna, a wurin awon ciki. Ɗan bokon da ya kamata ya kawo mata haske, ya yi maganar karatun 'ya'ya mata da tazarar haihuwa da noman rani da sana'ar da ba ta gona ba, shi ne ke zuwa ya karkatar da ita zuwa kan matar da ta gudo da goyo daga Isa.

Hutun ma kansa ya canja a yammacin jihar Maraɗi. Akwai waɗanda yanzu ba sa kwana a garinsu; su je da safe, su gaida tsofaffi, su juyo kafin la'asar, don mai mota da farar shadda shi ake fako. Wasu sun daina tura yara gaba ɗaya, sai dai a aika kuɗi ta waya. Ba laifinsu ba ne, rai ba a wasa da shi. Amma zumunta a ƙafa take, kuma yaron da bai taɓa kwana a garin ubansa ba, ranar da ya je rabon gado shi za a tambaya daga ina. Mutumin da ke shigowa garinsu da rana ya fita kafin duhu don tsoron 'yan bindiga ya kamata ya fi kowa fahimtar wadda ta fita daga nata garin da tsakar dare.

Ni dai hukuncina shi ne, maganar ko baƙi sun yi yawa ta masu ɗaukar nauyin ce, su da suka buɗe rumbu suka raba rijiya, kuma in sun yi ta a saurare su, a biya musu bukata. Mai zuwa da damina ya sha fura ya koma ba shi da kaso a wannan ƙorafi. In za ka gida hutun bana, ɗan'uwa, kafin ka ce ba ka san fuskar wani ba, tambayi ɗan wane ne. In kana da faɗa a ji a wata ma'aikata, ga abin da za ka kai: yaran da aka haifa a matsugunan Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau a farkon zuwan iyayensu sun isa shiga lakwal, tare da sa'o'insu 'yan gari da su ma ajin bai ishe su ba. A yi musu takardar haihuwa, a ƙara aji, a turo malamai kafin a koma karatu a watan Oktoba.